Bitar Dokokin Yaƙi a Karkarar Haɗejia: Ta Yi Amfani, Amma da Sauran Gyara

Wata ƙungiyar agaji mai zaman kanta tana zagaya ƙauyukan masarautar Haɗejia tana shirya bitar yini guda, kyauta, kan dokokin yaƙi na ƙasa da ƙasa, domin dagatai da limamai da malaman makaranta da shugabannin mata. Na halarci wadda aka yi a garinmu, kuma a ganina ta cancanci mutum ya ajiye fartanyarsa ya je.

Malamin bitar ya san abin da yake faɗa, kuma Hausarsa ta fita sarai. Ya fara da yaƙin Solferino na 1859 a Italiya, inda ganin dubban sojoji kwance da raunuka ba mai kula da su ya sa wani ɗan ƙasar Switzerland mai suna Henry Dunant fafutukar da ta haifar da ƙungiyar Red Cross a 1863. Daga nan ya zo kan yarjejeniyoyin Jeniba huɗu na 1949: ta masu rauni a filin daga, ta waɗanda suka jikkata a teku, ta fursunonin yaƙi, da ta farar hula. Nijeriya ta shiga cikinsu tun 1961.

Inda bitar ta fi armashi shi ne lokacin da limamin garinmu ya ce, "Malam, ai wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu," ya kawo wasiyyar Sayyidina Abubakar ga rundunar da ya tura Sham, cewa kada a kashe mace ko yaro ko tsoho, kada a sare itace mai 'ya'ya, kada a yanka dabba sai don ci. Malamin bai yi gaggawar wucewa ba. Ya ɗora bayanin bambance mayaƙi da farar hula a kan wannan wasiyya, ya nuna cewa asibiti da masallaci da rijiya da rumbun hatsi duk suna da kariya, kuma wajibi ne kwamanda ya tabbatar da abin da zai kai wa hari, ya kuma auna asarar rayukan bayin Allah kafin ya ba da umarni.

Ƙorafina shi ne yadda aka raba lokaci. Tarihin Turai ya cinye safiya, alhali abin da ya shafe mu, wato rikicin cikin gida, bai samu wuri ba sai bayan la'asar, mutane sun gaji. Sashe na 3 da ke cikin dukkan yarjejeniyoyin huɗu, wanda ya haramta kashe wanda ya ajiye makami, da azabtarwa, da garkuwa da mutane, ya hau kan gwamnati da ƙungiyoyin masu ɗauke da makamai baki ɗaya, kuma shi ya kamata a fi tsayawa a kai a yankin da ya karɓi 'yan gudun hijira daga Yobe da Borno. Da wata malama ta tambayi wanda ke da alhakin bincike a hare-haren sama da sojojin Nijeriya suka kai, waɗanda suka kashe farar hula a sansanin 'yan gudun hijira na Rann a Borno a 2017 da ƙauyen Tudun Biri a Kaduna a 2023, amsar ta yi gajarta ƙwarai, ko da yake an ambaci kotun hukunta manyan laifuka da ke Hague.

Takardun da aka raba ma duk da Turanci aka rubuta su, wanda ya rage musu amfani ga mafi yawan mahalarta. Duk wanda zai je, ya tafi da littafi da biro, ya kuma nemi a fara da Sashe na 3 tun da safe.