Mun kai 'yan matan SS2 ziyarar banki, ga abin da idona ya gani

Makon jiya ni da wata abokiyar aikina muka raka 'yan SS2 na ajin kasuwanci zuwa wani banki a nan Kano, cikin shirin nan da wata ƙungiya ke haɗawa na kai ɗalibai mata su ga yadda ake aiki a wuraren hada-hadar kuɗi. Malamai sun dame ni da tambaya wai ya cancanci a saki darasin yini guda saboda shi? Eh ya cancanta, amma da sauran gyara.

Mota dai an ce ƙarfe takwas, sai tara da rabi ta iso. Da muka isa aka zuba mu a ɗakin taro mai sanyin AC, manaja ya shafe kusan awa guda yana zuba turanci kan tarihin bankinsu da lambobin yabon da suka ci, yarana sun yi tsit kamar ruwa ya ci su, wata ma har gyangyaɗi take. Yana gamawa sai ga fom na buɗe asusu ana rabawa, nan fa raina ya ɓaci, haba, sana'a muka zo nuna wa yaran nan ko kwastoma muka kawo muku? Ga ɗaukar hoto kamar gidan biki.

Abin da ya biya mu wahalarmu shi ne da aka shiga da mu bayan kanta wajen wata baiwar Allah, Bahaushiya da hijabinta, ita ke kula da masu karɓar kuɗi. Da Hausa ta yi musu magana kuma wallahi nan take yaran suka farka. Ta nuna musu injin ƙirga kuɗi da yadda ake gane jabu, ta ce in an rufe ƙofa ƙarfe huɗu ba tashi aka yi ba, kowace kashiya sai abin da ke akwatinta ya yi daidai da abin da kwamfuta ta nuna, in ya ƙi daidaita to a nan za a zauna ana bin takardu ɗaya bayan ɗaya. Ta yi bayanin abin nan da ke ci wa kowa tuwo a ƙwarya, a cire maka kuɗi kuma bai shiga wa wanda ka tura wa ba, ashe tsakanin banki da banki akwai NIBSS, kamfanin da ke haɗa bankunan Najeriya wajen tura kuɗi, da saƙon ke bi, kuma akwai ma'aikatan da aikinsu kenan bin sawun irin wannan kuɗin. Ni kaina ban san NDIC, hukumar inshorar kuɗin ajiya a bankuna, na ba da kariya har naira miliyan 5 ga mai ajiya a bankin kasuwanci ba sai ranar.

Sai wata ɗalibata da ko a aji ba ta cika magana ba ta ɗaga hannu ta ce, "Anti, Babanmu ya ce aikin banki cin riba ne." Gabana ya faɗi, na zaci za a dizga yarinyar. Matar nan ko kaɗan ba ta ƙaryata uban ba, cewa ta yi tambayar na kan hanya, sannan ta kawo zancen bankunan da ba sa mu'amala da kuɗin ruwa, Jaiz da ya fara aiki a 2012, TAJ a 2019, Lotus a 2021. Ta kwatanta murabaha da keken ɗinki, banki ya sayo keken ya sayar miki da ribar da kuka yi yarjejeniya tun farko ki riƙa biya sannu a hankali, ta taɓo sukuk, wato takardun zuba jari irin na Musulunci, na naira biliyan 100 da gwamnatin tarayya ta fitar a 2017 don aikin tituna. Ta ce, "Ki je ki faɗa wa Baba haka, ki kuma tambayi malaminku na Islamiyya." Wannan amsar kaɗai ta fi jawabin manaja sau goma, don yawancin yaranmu wannan tambayar ce ke tare musu hanya tun daga gida.

Ta kuma gaya musu kada su yi wasa da lissafi da Economics in suna son karanta akanta, kuma da sakamakon WAEC mai kyau za su iya fara jarrabawar ATS, matakin share fage na ICAN, ƙungiyar ƙwararrun akantoci ta Najeriya, tun kafin digiri. Da ta ambaci Zainab Shamsuna Ahmed, wadda ta karanta akanta a ABU Zariya ta riƙe ministar kuɗi daga 2018 zuwa 2023, sai na ga suna rubutawa.

Inda masu shirin suka gaza, ba wanda ya taɓo maganar ma'aikatan kwantiragi da matsin da ake yi wa 'yan maketin na kawo kwastoma, alhali ya kamata yarinya ta ji ɗacin tare da zaƙin. Kuma banki kawai aka nuna musu, babu inshora ko takaful, wato inshorar Musulunci, babu fansho, babu ofishin haraji. Na faɗa wa mai shiryawar in za mu dawo zango mai zuwa a rage jawabi a ba matar nan awa biyu, a kuma bar fom ɗin nan a aljihun tebur, ta yi dariya ta ce za ta duba.