Fassarar shafukan intanet: wace burauza za ka riƙe, wace manhaja za ka guje wa

Bahaushen Garwa ko Marwa ko Njamena yana rayuwa tsakanin harsuna da yawa, amma intanet ta fi ƙarfin abin da ya iya. Sanarwar gwamnati da Faransanci take fitowa, a Chadi kuma har da Larabci. Tallafin karatu na ƙasashen waje galibi da Ingilishi ne. Ɗan kasuwar da ke neman farashin fanel ɗin sola ko kayan gyaran babur a shafin 1688, kasuwar sari ta kamfanin Alibaba, ba zai ga komai ba sai Sinanci zalla. Duk burauzar kirki yanzu tana da maɓallin fassara, sai dai ba duka suka san Hausa ba, kuma ba duka ne za ka ɗora kuɗinka a kan maganarsu ba.

Ni dai zaɓina Chrome ne, da fassarar Google da ke cikinsa. Dalili na farko shi ne ba sai ka sauke komai ba. Kusan duk wayar Android da ake sayarwa a kasuwanninmu, Tecno ce ko Itel ko Infinix ko Samsung, da Chrome take zuwa. Na biyu, Google ya sa Hausa cikin harsunansa tun watan Disamba na 2013, ya daɗe yana gyara ta, kuma a watan Yuni na 2024 ya ƙara Fulfulde da Barbarci cikin sababbin harsuna 110. A yankin da Fulfulde ce harshen kasuwa wannan abin farin ciki ne, ko da yake har yanzu fassarar Hausa ta fi ta Fulfulde nuna.

Ga yadda ake yi a waya, da kalmomin da za ka gani in wayarka da Faransanci aka saita ta. Buɗe shafin, ka bari ya gama sauka, sannan ka taɓa ɗigo ukun da ke kusurwar sama ta dama, ka zaɓi Traduire. Wani ɗan layi zai fito a ƙasan allo ko a samansa, gwargwadon sabuntar Chrome ɗinka, ɗauke da harshen shafin da harshen da za a mayar da shi. In Hausa kake so, taɓa ɗigo uku ko alamar saiti da ke jikin layin, ka shiga Plus de langues, ka nemi Haoussa. Taɓa sunan harshen asali yana dawo da shafin yadda yake, kuma wannan komawa da dawowa ita ce babbar fa'idar Chrome a wurina, domin duk inda jimla ta yi maka wani iri, taɓawa ɗaya ce ka ga abin da aka rubuta tun farko. A kwamfuta ma ya fi sauƙi: danna maɓallin dama na linzami a ko'ina cikin shafin ka zaɓi fassara, ko ka shafa jimla ɗaya kawai ka fassara ta ita kaɗai.

In Chrome ya daina tambayarka ko zai fassara, yawanci hannu ne ya taɓa Ne jamais traduire bisa kuskure. Shiga Paramètres, sannan Langues, ka cire harshen daga jerin waɗanda aka hana fassarawa. In kuma daga Facebook ka buɗe shafin, to a 'yar burauzar Facebook kake, ba za ka ga maɓallin ba sai ka taɓa ɗigo uku ka mayar da shafin cikin Chrome. Haka nan fassarar tana bukatar intanet, domin rubutun shafin ake aika wa kwamfutocin Google su juya shi su dawo da shi. Idan layi ya yi rauni sai ka ga rabin shafi ya juya, rabi yana nan. Sake sauke shafin shi ne maganinsa. Kunshin Hausa da ake saukewa a manhajar Google Traduction don aiki babu intanet yana yi ne a cikin manhajar, ba ya taimakon Chrome.

Akwai wata shawara da na fi ba muhimmanci a kan zaɓen burauzar kanta, wato zaɓen harshen da za a fassara maka. Hausar da injin ke fitarwa daidaitacciyar Hausar Nijeriya ce, irin ta jarida da rediyo, tana da daɗin karanta labari da fahimtar inda magana ta dosa. Amma daga Sinanci ko Turkanci zuwa Hausa, galibi sai maganar ta bi ta Ingilishi kafin ta iso, kuma a kowane zango ana zubar da wani abu. Saboda haka in kana karanta Faransanci ko da daidai gwargwado ne, labari ka karanta da Hausa, amma duk abin da ya shafi kuɗi ko sharuɗɗa ko ranar rufe karɓar takardu, ka juya shi zuwa Faransanci ka gwada biyun. Kalmomin makaranta su suka fi shan wahala. Concours da muka sani jarrabawar shiga makaranta ko aikin gwamnati ce, inji kan kira ta gasa. Licence digirin farko ne, zai iya dawowa lasisi. Baccalauréat kuwa, takardar gama sakandare, yakan rikiɗe ya zama digirin jami'a saboda kamarsa da kalmar Ingilishi, sai yaro ya ɗauka bai cika sharaɗi ba alhali ya cika.

Sauran burauzoji ba sa bukatar dogon bayani. Edge na Microsoft yana nan a kan duk kwamfuta mai Windows 10 ko 11, ya samu Hausa a 2023, kuma amfaninsa a wurina shi ne shaida na biyu: in jimla ta ɗaure maka kai a Chrome, buɗe ta a Edge, inda suka saɓa nan ne za ka nemi mai jin harshen. Firefox yana da abu ɗaya da ya fi kowa. Tun fitowarsa ta 118 a watan Satumba na 2023, a cikin na'urarka yake fassara, rubutun ba ya fita zuwa ko'ina, don haka ya dace da wasiƙar aiki ko sakamakon asibiti. Amma babu Hausa a jerinsa, kuma yana wahalar da ƙaramar waya. Safari na iPhone ma bai san Hausa ba. DeepL na Jamus, wanda injin fassara ne ba burauza ba, Faransancinsa yana da kyau ƙwarai, sai dai fassarar shafi sukutum ta masu biyan kuɗin wata ce, da katin banki, kuma Chrome na waya ba ya karɓar 'yar manhajarsa da ake liƙa wa burauza. Burauzojin da ke zuwa da waya cike da talla da labaran da ba ka nema ba, ban ga dalilin ɓata lokaci a kansu ba.

Ma'aunin da nake auna kowace fassara da shi shi ne lambobi, domin a nan ake asara. Bature mai Ingilishi in ya rubuta 1,500 dubu ɗaya da ɗari biyar yake nufi, mai karatun Faransanci kuwa ɗaya da rabi zai karanta, kuma inji wani lokaci ya gyara waƙafin wani lokaci ya bar shi. Shafin Amurka in ya ce 03/04, huɗu ga Maris ne, mu kuwa uku ga Afrilu muke gani. A shafukan Sin akwai alamomi biyar da ya kamata ɗan kasuwa ya haddace da idonsa: 元 kuɗin yuwan ne, 万 dubu goma, 斤 rabin kilo, 件 guda, 箱 katan. In ka ga 3.5万, dubu talatin da biyar ke nan. Alamar ¥ kuma Sin da Japan duk suna amfani da ita, fassara takan rubuta yen a inda yuwan ake nufi, alhali tazarar darajarsu babba ce. Ka kuma duba mafi ƙarancin adadin da mai kaya ya yarda ya sayar, saboda farashin da ke da manyan baƙaƙe sau da yawa na mai sayen ɗaruruwa ne. Yawancin bayanin kaya, ƙarfin batir, faɗi da tsawo, nauyi, a cikin hoto ake rubuta su, Chrome kuma ba ya taɓa rubutun da ke cikin hoto. Danne hoton da yatsa, ka zaɓi bincike da Google Lens, mai karanta rubutun cikin hoto, sannan Traduire. Wanda ya tsallake wannan ya yi cinikin biri a sama.

Takardar PDF ma galibi ba ta fassaruwa da maɓallin burauza. Sai ka shiga translate.google.com a kwamfuta, ka zaɓi Documents, ka ɗora ta, muddin ba ta wuce megabait 10 ba. In hoton takarda aka ɗauka aka mayar PDF, wannan hanyar ba za ta fassara ta ba, sai ka yi amfani da Lens.

Kada ka kunna Toujours traduire a kan harshen da kake cike fom da shi. Fassara tana canza rubutun shafi yana raye, kuma wasu shafukan rajista da na banki ba sa jure haka: jerin zaɓi ya rikice, sunan gari ko na kamfani ya koma kalmar yau da kullum, Orange ya zama lemo, maɓallin aikawa ya ƙi tafiya, ko shafi ya koma fari fat bayan ka gama shigar da komai. Hanya mai lafiya ita ce ka fassara fom ɗin ka karanta shi har ƙarshe, ka rubuta amsoshinka a takarda, ka mayar da shafin harshensa na asali, sannan ka cike. Sunanka kuwa ka rubuta shi harafi da harafi kamar yadda yake a fasfo ko katin shaida. Ma'aunin shan magani da takardar kotu ba a yanke hukunci a kansu da fassarar inji, domin tana iya yar da ɗan "ba" guda ɗaya, hani ya koma umarni.

Yanzu ga 'yan damfara, waɗanda suka gano cewa mai neman fassara ba ya jin abin da ke gabansa, kuma irinsa ya fi saurin danna "na yarda". Google ba shi da manhajar fassara da ake girkawa a kwamfuta mai Windows. Duk wanda ya ba ka wata a filash ko ya ce ka sauke ta daga wani shafi, kura ce da fatar akuya. A watan Agusta na 2022 kamfanin tsaron kwamfuta na Check Point ya fallasa wata mai suna Nitrokod, wadda ke buɗe ainihin shafin Google Translate don ka ga tana aiki, sannan ta yi shiru na makonni kafin ta fara amfani da ƙarfin kwamfutar wajen haƙar kuɗin kirifto. Alamarta kwamfuta ta riƙa zafi, fanka na ta gudu, komai ya yi nauyi, mai ita kuma ba zai danganta hakan da abin da ya girka wata guda baya ba. Masu shagon intanet da na buga takardu su kula da wannan sosai, tunda kwamfuta ɗaya mutane da yawa ke shigar da bayanansu a kanta.

'Yan manhajojin da ake liƙa wa burauzar kwamfuta, waɗanda menu ke kira extension, su ma haka. Mai fassara dole ya nemi izinin karantawa da canza duk abin da ke shafukan da ka buɗe, kuma wannan izinin ya isa a kwashe kalmar sirrinka da saƙonninka. Tunda Chrome da Edge da Firefox duk suna da fassara a jikinsu, babu abin da zai sa ka ba baƙo wannan mabuɗin. Rubuta chrome://extensions a wurin adireshi, ka cire duk wadda ba ka san lokacin da ka sa ta ba.

A waya kuma, kada ka karɓi manhajar fassara ta Xender ko WhatsApp, ko da daga hannun ɗan'uwa ne, domin shi ma bai san abin da ke cikinta ba. A Play Store ka duba sunan mai ita a ƙarƙashin sunan manhajar: ta Google za ka ga Google LLC, ta Microsoft kuma Microsoft Corporation. Akwai ɗimbin masu kwaikwayon launi da tambari, su ba ka kwana uku kyauta sannan su fara cirar kuɗi duk mako, kuma goge manhajar ba ya tsayar da cirar, sai ka shiga Play Store, sashen Paiements et abonnements, ka soke da hannunka. Manhajar fassara tana iya neman kyamara da makirufo. In ta nemi karanta saƙonnin SMS, ko lambobin mutanenka, ko izinin Accessibilité, ka goge ta nan take, domin ta SMS lambar tabbatarwa ta Mobile Money da Orange Money da Airtel Money ke shigowa.

Dabarar da ta fi ruɗar mutane ita ce ta adireshi. In aka fassara shafi ta hanyar saka adireshinsa a translate.google.com, sabon adireshin yana ƙarewa da translate.goog, ga kuma tambarin Google a sama. 'Yan damfara kan gina shafin bogi na banki ko na neman biza ko na tallafin karatu, su bi da shi ta nan, su turo maka a WhatsApp, kai kuma ka ga sunan Google ka saki jiki. Google fassara kawai ya yi, bai tantance mai shafin ba. Sunan ainihin shafin shi ne abin da ya zo kafin translate.goog, an mayar da ɗigoginsa 'yan sanduna. Karanta shi a hankali, ka rufe, ka buɗe sabon shafi ka rubuta adireshin hukumar ko bankin da hannunka, sannan ka fassara da maɓallin Chrome. Kalmar sirri da lambar fasfo da lambar katin banki ba a shigar da su a shafin da adireshinsa ya ƙare da translate.goog.