TP-Link EAP610 a gida mai jama'a, ga yadda na same ta

In gidanku irin namu ne nan Ƙofar Marusa, babban gida mai sassa kowa da wayarshi, to wallahi na'urar raba Wi-Fi ɗin nan TP-Link EAP610 ta ci kuɗinta. Amma ka fahimci aikinta tukun, ba ta da wurin sa layi, ba ita ke kawo intanet ba, rabawa kawai take. Dole ka ja mata waya daga rauta ɗinka, ta 4G ce ko 5G ko Starlink.

A da, da ƙaramar mifi muke amfani, irin wadda ba ta wuce waya 10, to da an yi isha'i Hajiya ta kunna tafsiri a YouTube, samari na kallon ƙwallo, 'yan mata na TikTok, yaya kuma na bidiyo kol da mai gidanta da ke Saudiyya, sai kowa ya tsaya yana kallon abin nan yana juyawa, a fara zargin juna wai wane ne ya shanye netwok. Yanzu wannan rigimar ta mutu. Dalili shi ne ita Wi-Fi 6 ce, tana da abin da suke kira OFDMA da MU-MIMO, wato tana iya sallamar wayoyi da yawa lokaci guda maimakon kowa ya jira layi. A kwali an rubuta AX1800, wato gudun 574Mbps a 2.4GHz da 1201Mbps a 5GHz, tashoshi biyun da take watsa Wi-Fi ta kansu, kada wannan ya ruɗe ka, ba gudun da za ka samu ke nan ba.

Lissafin da ya kamata ka yi kafin ka fidda kuɗi ga shi. Bidiyo mai 1080p yana son kamar 5Mbps, 720p rabin haka, to in mutum 12 za su kalla lokaci ɗaya kana neman wajen 60Mbps daga tushe. In layinka 15 yake bayarwa da dare ko na'urar miliyan ka sayo ba abin da zai canza, famfo ba ya ba da ruwan da babu a tanki.

Abin da ya fi burge ni shi ne iyakance gudu. A Omada, manhajar TP-Link da ake saita ta da ita, na sa ma kowace waya iyaka, don akwai ƙanena mai sauke fina-finai dare da rana, da shi kaɗai ke danne kowa. Na kuma buɗe wa baƙi nasu sunan daban da nasu fasawod.

Wurin kafawa ma magana ce babba. An yi ta ne don silin, mu a barandar tsakar gida muka maƙala ta. 5GHz ba ta son bango, sashen kaka da yake ginin ƙasa ne mai kauri sai 2.4GHz ke shiga, shi ma ba ƙarfi sosai, can dai sai an ƙara ta biyu. Gida mai faɗi guda biyu matsakaita sun fi ɗaya mai tsada.

Tana aiki da PoE, wato wayar intanet ɗin ce ke kai mata wuta, ko adafta 12V, kuma ba ta cin wuta, ko an ɗauke ƙaramar sola na riƙe ta. Ka buɗe kwali tun a shago ka ga adaftan na ciki. Sannan ka sayi waya Cat6 ta jan ƙarfe zalla, ba mai arhar nan ba da ake shafa wa jan ƙarfe a sama.