Gigin Tsufa: Na Mace Da Na Namiji

A Kano, in Hajiya ta fara manta sunan jikokinta, sai a ce gigin tsufa ne. Mata ya fi kamawa: a Amurka, kusan biyu cikin uku na masu cutar Alzaima, wadda ta fi jawo gigin tsufa, mata ne. Tsawon ran mata na cikin dalilan, amma masana na zargin istirojin, wani sinadarin jikin mace, wanda ke faɗuwa warwas idan al'ada ta ɗauke, wajen shekara 50. Na namiji kuwa, testosteron, sannu a hankali yake raguwa.

Sai dai ina tsoron masu saya wa uwa ƙwayar istirojin a kemis. Wani bincike na 2003 ya nuna haɗinsa da firojestin, wani sinadarin da ake ba mata, ya ƙara haɗarin gigin tsufa ga matan da suka kai shekara 65. Gara a kai ta Asibitin Malam Aminu Kano likita ya duba ta.