Daga Agege Zuwa Wembley: Abin da Kuɗin Tikiti Ya Saya Mini

Assalamu alaikum, 'yan'uwa da abokan arziki na Agege, Idi-Araba da Mile 12. Da yawa daga cikinku kun san cewa tun ina yaro na ƙwallafa raina a kan mawaƙin Amurkan nan Bruce Springsteen, kuma an daɗe ana yi mini tsiya a kan haka, tunda a unguwarmu ko dai a ji Shata a rediyon mai shayi, ko a ji fuji daga shagon maƙwabtanmu Yarabawa, kiɗan rok kuwa ba shi da mazauni. Na fara jin muryarsa mai kaushi ne a waƙar haɗin gwiwa da mawaƙan Amurka suka yi a 1985 domin tallafa wa waɗanda yunwa ta addaba a Habasha, daga nan na shiga neman kaset ɗinsa. Iyakar kusantar da ya yi mana a wancan zamani ita ce zuwansa Abijan a 1988, cikin rangadin ƙungiyar Amnesty International. Ranar Alhamis, 25 ga Yuli, 2024, Allah ya nufa na gan shi ido da ido a filin wasa na Wembley da ke Landan. Tun da wasunku suna ba da hayar kujeru da lasifika, wasu kuma suna kafa teburin suya a bakin wuraren wasa, na ga ya fi amfani in rubuto muku yadda hidimar take da abin da ake cajin mutum a kanta.

Tikiti ne farkon abin da ya bambanta da namu. Ana fitar da shi watanni da yawa kafin ranar wasa, a intanet kawai, kuma mutum yakan shiga layi a wayarsa tare da dubban jama'a yana kallon lambarsa tana raguwa. Nawa ya haura fam 150 da aka haɗa da kuɗin hidima, wanda ba a nuna mini ba sai da na kusa biya, kuma wannan ɗabi'a ce da har yau ba ta kwanta mini ba. A canjin lokacin, da fam ɗaya take kusan naira 2,000, kuɗin ya kama kimanin naira 300,000, wato fiye da albashin wata huɗu na mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sanya wa hannu a Najeriya a cikin wannan watan na Yuli. A Ingila kuwa mafi ƙarancin ladan awa ɗaya ga babban ma'aikaci fam 11.44 ne a shekarar, saboda haka aikin kwana biyu ya isa ya biya tikitin. Ina roƙon duk mai jin farashin kaya a ƙasar waje ya riƙa auna shi da awannin aiki, domin juya shi zuwa naira kaɗai yakan tayar da hankali ba gaira ba dalili. Duk da haka kada a ɗauka nan babu zalama. A 2022, da aka fara sayar da tikitin wasannin mawaƙin nan a Amurka da tsarin da farashi ke hawa gwargwadon yawan masu nema, wasu kujerun sun haura dala 4,000, kuma masoyansa na shekara da shekaru sun yi ta ƙorafi, tunda mutum ne da ya yi suna da waƙoƙin ma'aikatan masana'antu da talakawa. Abin da masu teburin miliyoyi suke yi a wasannin Disamba na Victoria Island a fili, shi ne kwamfuta take yi a nan a ɓoye.

Inda na ga kuɗina ya yi aiki shi ne lokaci. An sanar cewa babu wani mawaƙin share fage, kuma za a fara da wuri, haka kuwa aka yi: ƙarfe bakwai ta gota kaɗan makaɗan ƙungiyarsa ta E Street Band suka riƙa hawa dandamali ɗaya bayan ɗaya, rana tana sama tunda a bazarar Ingila ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe tara. Ku da kuka saba sayen tikitin da aka rubuta ƙarfe takwas, sannan a yi ta turo 'yan barkwanci da ƙananan mawaƙa har babban baƙo ya ga dama ya fito bayan ɗaya na dare, kun san nauyin wannan magana. Kuma ba wai mawaƙan nan sun fi namu tarbiyya ba ne. Doka ce ta ɗaure su. Kowane babban fili yana aiki da lasisi daga ƙaramar hukumarsa, wanda ya ƙayyade lokacin da dole a daina ƙara saboda mazauna unguwa, kuma ba a yi wa kowa alfarma. Shi kansa Springsteen ya ɗanɗana wannan a 2012 a dandalin Hyde Park, lokacin da Paul McCartney, mawaƙin tsohuwar ƙungiyar Beatles ta Ingila, ya hau dandamali suna waƙa tare, lokaci ya cika, masu shirya taron suka kashe musu sauti a gaban dubban mutane. McCartney ɗin nan, ga waɗanda ba su sani ba, a Legas ya naɗi ɗaya daga cikin shahararrun fayafayansa a 1973, a situdiyon EMI da ke Apapa. Ina tantama ƙwarai a samu wanda zai iya kai hannu ya kashe wa babban mawaƙi sauti a Legas, ya kuma kwana lafiya.

Dalili na biyu da ya sa ake kiyaye lokaci shi ne jirgin ƙasa. Wembley, wanda aka buɗe sabon gininsa a 2007, yana ɗaukar mutum 90,000, kuma tashoshi uku ne suke kewaye da shi, babbarsu ita ce Wembley Park inda layukan Jubilee da Metropolitan suke bi. Mafi yawan 'yan kallo ba su zo da mota ba, saboda haka dole a tashi kafin jirgin ƙarshe ya wuce. Mai shirya wasa, da hukumar sufuri, da 'yan sanda, duk agogo ɗaya suke kallo. A Legas kuwa wanda ya taso daga Agege zuwa Eko Hotel sai ya yi lissafin cunkoson gadar Third Mainland a tafiya, ya kuma yi lissafin yadda zai dawo da tsakar dare, shi ya sa da yawa suke gwammace wasan ya kai asuba domin su fito lokacin da danfo ya fara lodi. Ashe jinkirin mawaƙanmu da rashin abin hawa na dare suna riƙe da juna ne.

A bakin shiga babu turereniya kuma babu wanda ya nemi na goro. Tikitin yana cikin waya, a kara shi a na'ura ƙofa ta buɗe, bayan an laluba jiki an duba jaka, wadda ba a yarda ta wuce girman fallen takardar ofis ba. Lambar ƙofa, da ta sashe, da ta layi, da ta kujera duk suna rubuce, kuma da na isa na tarar da kujerata tana jirana, ba wani babban mutum da ya zaunar da yaransa a kai. Filin yana da bayan gida 2,618, adadin da masu shi suke alfahari da shi, kuma na ga dalilin alfaharin. Akwai wurin masu keken guragu da ke kallon dandamali sosai. Wuta ba ta ko ƙifta ba, babu kuma rurin janareta a bayan kiɗa. Sai dai sautin kansa, daga kujerun sama inda nake, bai kai yadda na zata ba. Filin ƙwallo ne, amo yana dukan bango yana dawowa, har wani lokaci kalmomi suna cakuɗewa. A wannan fanni New Afrika Shrine na Agidingbi, wanda Femi da Yeni Kuti suka buɗe a 2000, ya fi daɗin saurare nesa ba kusa ba, domin can mutum yana jin bugun ganga a ƙirjinsa, yana ganin gumin makaɗi ba tare da taimakon allo ba.

Abinci kuwa, a nan ne na yi kewar gida. Ba a karɓar tsabar kuɗi ko kaɗan a cikin filin, sai kati ko waya, kuma abin da ake sayarwa gurasa ce da nama da soyayyen dankali a kwali, a farashin da ya ninka na gari, babu yaji, babu albasa, babu gyara. Musulmi kuma sai ya tsaya ya tambaya kafin ya ci, don haka na haƙura da dankali. Ba a barin ƙananan 'yan kasuwa su kafa tebur yadda suka ga dama, kamfanoni ne suka kama wurin gaba ɗaya. Duk wanda ya taɓa zuwa Felabration, bikin tunawa da mawaƙi Fela Kuti, a watan Oktoba ya san yadda titi yake cika da masu suya, da masu shayi da ƙwai, da masu ruwan leda, da masu POS, kowa yana samun rabonsa daga taron. A nan arzikin taron yana tafiya aljihu kaɗan ne. Abu ɗaya da na yaba shi ne ruwan sha: dokar Ingila ta tilasta wa duk inda ake sayar da giya ya ba da ruwan famfo kyauta ga wanda ya nema. Giyar kuwa ana shanta sosai a kofunan roba, wannan ma ya kamata mai niyyar zuwa ya sani. Magariba ta riske mu ana tsakiyar wasa, na fita baranda na sami lungu na yi salla, wani ma'aikaci mai rigar ɗorawa ya tsaya nesa kaɗan yana karkatar da masu wucewa ba tare da na roƙe shi ba.

Shi kuwa mutumin da na je gani, a ranar yana da shekara 74, ya yi wajen awa uku a kan dandamali babu hutu, waƙa kusan talatin, yana ƙare wannan yana ƙirga ɗaya, biyu, uku, huɗu ya faɗa wata. Babu kiɗan da aka naɗo daga gida ana bin sa da baki. Max Weinberg yana kan ganguna, Steven Van Zandt yana kan jita, Jake Clemons kuma yana busa saksofon a gurbin baffansa Clarence Clemons da ya rasu a 2011. Yakan sauko daga dandamali ya bi gaban shinge yana gaisawa da mutane hannu da hannu. Inda jikina ya yi sanyi shi ne lokacin da ya tsaya da jita ɗaya ya ba da labarin abokinsa George Theiss, wanda suka fara kiɗa tare suna samari kuma ya rasu a 2018, ya bar shi shi kaɗai a raye cikin 'yan ƙungiyarsu ta farko. Wani dattijo Bature da ke gefena ya cire tabarau yana share ido, ni ma ban tsira ba. Babu liƙi, babu kirarin masu kuɗi, babu wanda ya hau dandamali don a ambaci sunansa. Mai tikitin sama da mai tikitin gaba waƙa ɗaya aka yi musu, kuma a ganina wannan ya fi duk ƙyale-ƙyalen filin daraja, ko da yake na san makaɗanmu da liƙin suke ciyar da iyali.

Rigar tunawa da wasan, wadda wasunku suka ce in sayo musu, ban saya ba. Auduga ce mara nauyi da aka buga wa hoto, ana neman kusan fam arba'in a kanta, alhali masu buga riguna na Shomolu za su fitar da wadda ta fi ta kauri da kaɗan daga cikin kuɗin. A kayan hannu irin wannan Legas ba ta da abin koyo daga Landan.

Da aka tashi, jama'a suka malalo kan titin Olympic Way zuwa tasha, ma'aikata suna tsayar da mu rukuni-rukuni da alluna a hannu domin kada tashar ta cika fiye da kima, kowa ya tsaya idan an ce a tsaya. Jirage suna zuwa a jere, na kara katin bankina a ƙofa na shiga, kuma na kwana a ɗakina na tashi na tafi aiki ranar Juma'a. Yanzu da jan layin dogo na Legas, daga Agbado zuwa Oyingbo, ya fara ɗaukar fasinja a watan Oktoba na 2024, kuma yana tsayawa a Agege da Ikeja da Oshodi da Mushin da Yaba, shawarata ga masu shirya wasa cikinku ita ce su nemi wuri kusa da ɗaya daga cikin tashoshin nan, su duba lokacin jirgin ƙarshe kafin su buga sanarwa, sannan su rubuta a yarjejeniyarsu da mawaƙi cewa rabin kuɗinsa ba zai shiga hannunsa ba sai ya hau dandamali a lokacin da aka rubuta a tikiti.