Kwafin zanen La Tour: jan ya fito, duhun ne aka cuta

Shagon da na yi wa oda a intanet yana buga tsofaffin zane-zane a kan yadi mai kauri, ya ɗaure a katako. Na zaɓi Le Nouveau-né, wato sabon jariri, na mai zane Georges de La Tour, ɗan yankin Lorraine na Faransa ta yau da aka haifa a 1593 ya rasu a 1652. Asalin zanen yana gidan adana zane-zane na birnin Rennes a Faransa. Kayan sun iso lafiya, an naɗe su da kyau, katakon bai karkace ba.

Mata biyu ne da jariri a cikin tsumma. Ta hagu tana riƙe da kyandir, amma ta kare harshen wutar da tafin hannunta, don haka ba ka ganin wutar sai aikinta: goshin jaririn, ɗan hancinsa, da jar rigar wadda ta rungume shi. Nan kam masu bugun sun yi ƙoƙari. Jan ya fito da ɗuminsa, bai koma ruwan lemo ba. Gefen yatsun da haske ya lasa ma yana nan.

Matsalar tana bayan matan. Duhun La Tour ba baƙi wuluk ba ne, ruwan ƙasa ne mai zurfi da ke shanye kafaɗa da gefen riga a hankali, har ka rasa inda mutum ya ƙare. A kwafina injin ya zuba baƙi ɗaya tak, sai matan suka zama kamar an yanko su da almakashi an manna. Mutumin da aka manta da shi sama da shekara 250, sai a 1915 Bajamushe masanin tarihin zane Hermann Voss ya tono sunansa, ai bai cancanci a yi wa inuwarsa haka ba.

Masu bugun sun kuma shafa wa kwafin man sheƙi ba tare da tambaya ba. Da an kunna fitilar falo sai ƙwan ya bayyana daidai kan fuskar uwar.

Kuɗin bai yi yawa ba, kuma zan iya komawa wurinsu don zane mai hasken rana. Mai son wannan dai ya ce a yi masa marar sheƙi, ya kuma nemi a turo masa hoton gwajin bugun kafin ya biya.