Jama'a hattara da mai sayar da zanen gwangwani a Instagram

Wallahi tun jiya ban runtsa ba. Dubu 180, naira dubu 180 gumina, mutumin nan ya lamushe kuma ya yi blokin ɗina.

Wurin cin abinci nake shirin buɗewa, nake son in rataya zane irin na Andy Warhol, Ba'amurken nan da ya zana gwangwanayen miyar Campbell's guda 32 a 1962, suna nan a gidan adana zane-zane na MoMA da ke New York har yau. Tun ina makaranta nake son salon pop art ɗin nan, a ɗauki kayan kanti da muke saye kullum a mai da su zane. Sai na ga mutumin nan a Instagram, na ce ya yi min namu guda huɗu, gwangwanin madara, na tumatir, kwalbar Coca-Cola da kwalin ashana.

Kar wani ya ce min ban bincika ba, na bincika! Sai da na tambaye shi da hannu ne ko bugu, ya turo min murya yana cewa "Hajiya fenti ne a kan kanbas da buroshi, ai Warhol ma gwangwanayen farko da hannu ya yi su, daga baya ya koma bugawa." Wannan maganar ce ta kama ni, don gaskiya ce, na san haka aka yi. Na saurari muryar nan ta fi sau ashirin, mutum ya san abu haka wa zai kawo ɓarawo ne?

Dubu 100 na fara turawa, a'a kafin nan ma ya turo bidiyon hannu yana shafa fenti, ashe na wani ne ya sato. Sai dubu 80 wai kuɗin firam da mota. Sati uku ya ce, aka yi wata biyu, yau mahaifiyarsa ba lafiya gobe fenti bai bushe ba.

Da direba ya kawo kayan a gaban ƙanwata na buɗe, kunya kamar in nutse. Bana ce! Ledar bana irin ta kamfen aka ɗame a katako, hoton ma duk ya dushe, guda biyu kacal, na dubu 180.

Sikirinshot da rasit ɗin banki duk suna wayata, zan ɗora su anjima. Kar ku tura wa kowa ko sisi sai kun je kun taɓa fentin da hannunku.